Shekarar da Aka Gyara Gidan Raga

Wata magana ta dawo kunnena daga bakin jikokina, wai kakansu ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, har ya shiga ofishin mutane ya sungumi kaya. Na san a gari suka tsince ta, ku kuma iyayensu ba ku musa ba, don ba kwa nan lokacin da abin ya faru. Bello yana Kaduna, Hadiza tana ɗakinta a Birnin Kebbi, Auta tana makaranta. Ni ce nake gida, ni na dafa abincin da ya kasa ci. Saboda haka ku bar ni in faɗa muku yadda aka yi, tun ina da sauran hankalina.

Gidan Raga da kuke wucewa yanzu a hanyar bakin ruwa, fes da fenti da gilasai, an gina shi ne lokacin aikin madatsar Kainji, don ya zama ofishin masu tayar da ƙauyukan da ruwa zai ci. Ba a taɓa ganin irinsa a Yelwa ba. Bene ne a tsaye kan ginshiƙai kamar rumbu, ba zane ba ado, rufinsa ya karkata gefe biyu, matakalarsa tana waje tana naɗewa har sama. Bangon da ke kallon kogi kuwa duk huda ne na siminti, iska tana ratsawa, rana ba ta shiga. Masunta suka ce ai raga ce aka saƙa da kankare, sunan ya bi shi. A ƙarƙashin benen nan kakanku ya tsaya a layi tare da mutanen tsibirinsu, Gungun Marke, aka nuna musu inda za su koma a tudu, can wajen Wara. Daga tsibirin ba su fito da wani abin kirki ba sai tukwane da dutsen niƙa da gangar kokawa ta gidansu, wadda kakanku yake kaɗawa idan an gama girbi samari sun fito fili.

Da aka gama tashin mutane aka rufe ofishin. Ni gidan jemagu na taso na tarar da shi. 'Yan albasa suna jibge buhuna a ƙasa, mata suna shanya shinkafa a farfajiya, awaki su hau matakala su kwanta a sama. Har na yi aure, na yi aikin ungozoma na gama, bai canza ba. Duk ranar da muka bi ta wajen a babur, sai babanku ya rage gudu yana dubansa. Na taɓa ce masa ni ban ga abin kallo a kangon nan ba. Ya ce a nan ne aka yi kiran sunan garinsu na ƙarshe mutane suka amsa.

Bai daɗe da ajiye aikin koyarwa ba aka fara raɗe-raɗin za a rushe ginin a yi gidan mai. Mutumin da na ɗauka zai zauna ya huta da ciwon gwiwarsa, sai ga shi kullum da babbar riga yana bin ofisoshi da gidajen manya, yana roƙon a bar kango. Wasu suka yi masa dariya a gabansa, wasu suka bari sai ya fita. Ana cikin haka Kabiru ya zo. Kun san shi, tsohon ɗalibin babanku ne, ya ci tuwo a gidan nan ba sau ɗaya ba, ya zama injiniya a Abuja. Ya zo da wata mai zanen gine-gine, ta zaga ginin tana shafa bango, ta ce irinsa kaɗan ne suka rage a ƙasar nan, rushe shi asara ce. Suka ce akwai wata ƙungiya da za ta ɗauki nauyin gyara. Sama za a yi ofisoshin haya don ginin ya riƙe kansa. Ƙasa kuwa za ta zama zauren tunawa da garuruwan da ruwa ya ci, a ajiye kayansu, tsofaffi su riƙa zuwa suna ba yara labari, farfajiya ta zama filin kokawa. Aka naɗa babanku shugaban masu tattaro kayan. Ranar ya dawo gida yana waƙa da yarensu na tsibiri, abin da ban taɓa jin ya yi ba tun aurenmu.

Ya shiga kwale-kwale, ya hau babur, ya bi ƙauyukan Shanga da Ngaski gida gida. Mutane suka yarda da shi domin nasu ne, kuma ya koyar da 'ya'yansu. Wannan ya ba da mashin farautar dorina na kakansa, wancan ya ba da tsohon filafilin tuƙa kwale-kwale, wata tsohuwa ta ba da tulun da aka kai uwarta ɗakin miji da shi. Ɗakin baƙinmu ya cika har ba wurin sa ƙafa. Amma duk inda ya je sai an tambaye shi, shi me ya kawo daga gidansu. Shi kuwa bai kawo komai ba, domin gangar tana hannun yayarsa, Gwaggonku Tani. Kakanku a ɗakinta ya bar ta, saboda mijinta Manu shi ne gwanin kokawa na ƙarshe da Gungun Marke ta yi. Ita Yaya Tani coci take zuwa, Manu kuwa bai taɓa shiga coci ko masallaci ba, hanyar iyayensa ya riƙe, babanku kuma a makaranta ya musulunta. Wannan bai taɓa haɗa su faɗa ba. Mu aika mata naman Sallah, ta aiko mana shinkafar Kirsimeti.

Tare muka je gidanta a Wara. Muka tarar da ita tana bandar kifi, Manu yana zaune a gindin bango, idanunsa sun riga sun tafi. Babanku ya daɗe yana bayani, ita tana juya kifi ba ta dube shi ba. Ya ce babu sauran mai bugun gangar, samari sun koma kallon ƙwallo, in suka mutu gara ce za ta cinye ta a ɗaki. Ya ce a can kuwa jikoki za su gan ta su san daga inda suka fito. Sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta nuna mijinta da haɓa.

"Garba, akwai bugu guda da ya rage ma wagga ganga. Ka san shi."

Ya sani. A al'adarsu, ranar da gwanin kokawa ya mutu, da kiɗansa ake raka shi kabari. Babanku ya ce ya riga ya tambayi Kabiru, ya ce masa kayan na masu su ne, ajiya ce kawai, duk ranar da aka buƙata a zo a ɗauka.

"Ranar da ranar ta zo, Yaya, ni da kaina zan kawo miki ita a kaina."

Ta juyo ta dube ni. "Asabe, ke shaida ce." Na ce ni shaida ce. Ta shiga ɗaki ta fito da ita a naɗe cikin tsohon zane. Manu ya ce a miƙo masa, ya shafa fatar da tafin hannu, ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ya mayar.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, gyaran ya yi kyau. An kori jemagu, an wanke ragar simintin huda huda, an toshe rufi, an sa wuta da ruwa. Babanku yana can daga safe har la'asar kamar shi ne magini, ni ke aika masa da fura. Ranar da aka buɗe, manya suka zo da motoci, aka kafa rumfuna. Tsofaffin da suka ba da kayansu suka taso daga ƙauyuka cikin jiragen ruwa da tufafinsu na biki, aka tsayar da su a bayan shinge cikin rana, wai ba su da katin gayyata. Babanku ya je ya yi magana, aka ce a bari manya su tafi tukuna. Da manya suka tafi aka ce lokaci ya ƙure, a dawo gobe. Shi kansa a layin baya aka ba shi kujera, aka yi jawabai aka gode wa kowa har da mai fenti, ba a ambace shi ba. Na ji zafi, shi ya ce ba don a kira sunansa ya yi ba. Ya ja ni ya nuna mini gangar cikin akwatin gilashi. An shafe ta da man katako tana ƙyalli, har fatar ba a bari ba. Na ga fuskarsa ta canza.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa kaɗan kaɗan, yadda ba ka da ranar da za ka nuna ka ce yau aka cuce mu. Ofisoshin sama suka cika, masu nema ba su ƙare ba, don babu wuri mai sanyi da kyau irinsa a garin. Aka yanki kusurwar zauren da katako aka ba masu taki. Aka ƙara yanka aka ba wani ƙaramin banki. Filin kokawa aka zuba masa tsakuwa ya zama wurin ajiye motoci, ba a taɓa yin ko karawa ɗaya a cikinsa ba. Aka rushe kwamitin su babanku aka kafa hukumar gudanarwa, Kabiru ne shugaba, ya sa wani manaja da ba ɗan gari ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ladabin Kabiru. Duk zuwan da zai yi gari sai ya biyo gidan nan da ledar lemo da ayaba, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa, ya ce Malam a yi haƙuri, na ɗan lokaci ne, gini yana cin kuɗi. Babanku ya yi ta ba shi uzuri. Ni na daina fitowa gaishe shi.

Ana cikin haka, da damina, Manu ya rasu. Da safe aka bugo waya, aka ce za a binne shi kafin rana ta faɗi. Babanku ko karyawa bai yi ba ya nufi Gidan Raga, na bi shi. Manaja ya ce ba shi da ikon fitar da komai. Aka kira Kabiru yana Abuja, ya yi ta'aziyya mai tsawo, sannan ya ce kayan yanzu suna ƙarƙashin hukuma, sai an zauna an tattauna, kuma in aka ba mutum ɗaya kowa zai zo ya ce a ba shi nasa. Babanku ya tuna masa maganar ajiya. Ya ce ai a lokacin ba a kafa doka ba. Babanku ya roƙe shi, ya ce aro yake nema na yini ɗaya, gawa ce ke jira. Ya ce zai kira sauran 'yan hukumar ya ji. Muka zauna a kan benci muna jira har azahar ta gota, wayarsa ta daina shiga.

Hannu banza muka isa Wara. Mutane sun cika gidan, an buɗe mana hanya kowa yana kallon bayanmu ko wani na tafe da ita. Yaya Tani tana zaune a ƙofar ɗaki. Ta dubi hannuwan ƙanenta, ta dubi kansa. Ya durƙusa zai yi bayani ta kawar da fuska. Ni ta yi wa magana.

"Shaida, kin iso?"

Na sunkuyar da kai, na nemi wuri a cikin mata na zauna. Da aka ɗauki gawar, wani tsoho da ya san kiɗan ya jawo jarkar man ja ta roba ya kifa a cinyarsa ya buga da hannu. Da wannan aka raka mutumin da ya kayar da gwanayen tsibirai duka a zamaninsa. Babanku yana tafe a bayan mutane shi kaɗai, babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya matsa kusa da shi.

Bayan kwanaki ya shirya ya koma Gidan Raga. Bai gaya mini abin da ke ransa ba, ina jin shi ma bai tafi da wata niyya ba sai ta ya gan ta. Abin da ya biyo baya shi ya faɗa mini da bakinsa, maƙwabciyarmu da ke shara a ginin kuma ta tabbatar mini. Ya tarar da ɗan abin da ya rage na zauren a kulle. Ya leƙa ta hudar raga ya ga mashi da tulu da filafilai an tara su a lungu kamar itacen girki, akwatin gilashin kuwa babu komai a ciki. Ya hau sama ya tambayi manaja, aka ce ya fita, ya jira a ofishinsa. Yana shiga ya gan ta. An tsayar da ita a tsakanin kujerun baƙi, an ɗora mata faifan gilashi a ka, ga flas ɗin shayi da kofuna a kai, ga wayar wani tana caji.

Ku saurara da kyau, domin nan ne aka ce ya haukace. Ya sauke kofunan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a ƙasa. Ya ajiye wayar a kan kujera. Ya ɗaga gilashin ya jingina shi da bango a hankali don kada ya fashe. Sannan ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya ɗora gangar a kansa, ya sauko matakalar nan mai naɗewa da gwiwarsa mai ciwo. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya tsayawa jera kofuna.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi. Ban riƙe shi a zuciya ba, aikinsa yake yi, kuma baƙo ne bai san ko wane ne ba. Babanku ya ce gangar ubansa ce. Manaja ya dawo yana ɗaga murya, ma'aikata suka fito, 'yan kasuwa suka taru, aka ciro wayoyi ana ɗauka. Ya ƙi sauke ta har 'yan sanda suka zo. A bayan mota a buɗe aka sa shi, aka ratsa da shi ta tsakiyar kasuwa, mutumin da rabin masu rumfunan nan shi ya koya musu rubuta sunansu. Babban jami'in da ke ofishin 'yan sandan ya gane shi, ya miƙe ya ba shi kujera, ya ba shi haƙuri, ya sa aka kawo shi gida. Gangar kuwa aka mayar wa waɗanda aka ce su ne masu ita.

Kabiru ya zo a ƙarshen makon da ledarsa. Babanku ya ƙi fitowa, ni na same shi a zaure. Ya durƙusa ya ce abin ya dame shi ƙwarai, kuma ya shawo kan hukuma ba za a kai maganar kotu ba. Ya ce sun riga sun gaya wa mutane Malam ba shi da lafiya, tsufa ne ya taɓa shi, don a rufa masa asiri.

"Inna, gara a ce ciwo da a ce sata."

"Kabiru, wa ya yi satar?"

Ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Na ce ya ɗauki lemonsa. To kun ji inda maganar ruɗewa ta fito. A zauren gidan nan aka faɗa mini ita, da sunan taimako.

Babanku bai ƙara bin hanyar bakin ruwa ba. Masallaci ma sai na unguwa, ya dawo ya zauna a ƙarƙashin darbejiya. Tsofaffin da suka ba shi kayansu suka riƙa zuwa suna tambaya, ya fita ya ba su haƙuri, ya dawo ya kasa cin abinci. Ya aika wa Yaya Tani mutane ba sau ɗaya ba, ta karɓi gaisuwa ba ta ba da amsa ba. Wata rana ina tsefe masa zaren hula na ce da ma an bar su sun yi gidan mansu. Ya girgiza kai, ya ce ginin ba shi da laifi, ko yau aka ce za a rushe zai fita ya tsaya a gabansa. Sannan ya ce:

"Abin da ke ba ni mamaki, Asabe, a gini ɗaya aka tashe mu sau biyu. Na biyun ni na je na kira mutane."

Jikinsa ya yi ta raguwa. Asibiti suka ce hawan jini ne, suka ba da magani, ya sha bai tsallake ba. Kafin a kai ga girbin shinkafa Allah ya karɓi abinsa, da hankalinsa, da kalmar shahada a bakinsa.

Sauran kun gani da idonku, sai dai ba ku fahimta ba. Ranar addu'ar uku Kabiru ya zo da 'yan hukumarsa suka ce za su sa wa lungun da ya rage na zauren sunan Malam Garba. Na ga kun ji daɗi, na kuma ga yadda kuka dube ni da na ƙi. Bello har ya ce mini daga baya na hana ubansa daraja. Abin da na ce musu shi ne su kawo gangar su ajiye a gaban matar nan da ke zaune kusa da ni, sannan su rubuta abin da suka ga dama. Suka ce za su zauna su tattauna. Ba su dawo ba har yau.

Matar nan Yaya Tani ce. Ta zo tun ranar farko ta zauna a gefena. Ranar da za ta koma na raka ta har bakin ruwa, ina ta juya maganar a raina, domin ba na so ya kwanta da nauyin 'yar'uwarsa a kansa. Da ta sa ƙafa za ta shiga jirgi na riƙe hannunta na ce, Yaya, don Allah ki yafe masa.

"Na yahe mishi tun ranar da na ji sun tare shi ga ƙofa. Ya taso, hanya ce sunka hana mishi."

Na ce to don me ba ta aiko ta gaya masa ba, mutumin nan ya yi ta jira. Ta dubi ruwa ta ce:

"Na so ya ƙara jin zahi kaɗan. Ni ce babba, Asabe. Na ɗauka ni zan riga shi."

Mai jirgi ya tayar da inji, ta zauna a tsakanin buhunan albasa ta ja mayafinta ta rufe fuska. Na tsaya a wurin har suka yi nisa. Sannan na juyo gida ta cikin lungunan masu banda, hanya mai tsawo da caɓi, ina takaba, ba wanda ya san ina kuka sai ni.